Yadda Za Ka Ƙarfafa Rola Ba Tare da Ka Yi wa Othniel Magana Ba

Wannan darasi na mai gyaran bodin mota ne da yake gaba da abokin aikinsa, ga kuma aiki a gabansu. In ka bi matakan nan yadda na jera su, na ba ka tabbacin abu biyu. Za ka gama daɓen bas da layi miƙaƙƙe kamar titin jirgin ƙasa. Kuma ba kai ne za ka fara magana ba. An gwada hanyar a wata rumfa a Chikaji daminar da ta wuce, ba ta ba da kunya ba. Wanda ya gwada yana nan da ransa, yatsunsa a cike.

Ga wanda bai san rola ba. Fallen ƙarfe in yana shimfiɗe sumul ba shi da ƙarfi. Ka taka shi ya ce ɓam, ka ɗaga ƙafa ya sake cewa ɓam. Sai an fitar masa da jijiya, wato doron nan da kake gani a daɓen kowace mota, sannan yake ɗaukar nauyi. Rola ce ke fitar da jijiyar. Tana da ƙananan tayoyin ƙarfe biyu a bakinta, na sama da na ƙasa, kana tura falle a tsakaninsu. Hannun juyawa kuwa yana can baya, inda naka hannun ba ya kaiwa. Wanda ya ƙera ta ya ɗauka mutum biyu za su yi aiki da ita, ɗaya yana juyawa, ɗaya yana bin layi yana cewa a hankali, dakata, koma baya.

Wanda ya ƙera ta bai san mutane ba.

Mataki na 1: Zaɓi wanda ya dace

Ba da kowa ake gaba ba. Baƙo ba zai ma lura ba. Nemi wanda kuka zauna benci ɗaya tun shigarku sakandare a Samaru. Wanda kuka faɗi lissafi tare, kuka sake zama, kuka sake faɗi. Wanda kuka gaji da wucewa ta ƙofar jami'a kuna kallon 'ya'yan mutane da littattafai a hammata, kuka je kuka koyi bugun bodi wurin oga ɗaya, aka yaye ku rana ɗaya, kuka kama rumfa a Chikaji, kuka ɗauko tsohuwar rola 'yar gwanjo kuka kafa.

A darasin nan za mu kira shi Othniel, saboda sunansa ke nan.

Ka tabbata yana da wurin zuwa. Gaba da wanda ba shi da mafita wasan yara ce. Othniel yana da kawu a Kaduna mai babban gareji, wanda duk Kirsimeti sai ya ce masa ya bar wahalar Zariya ya taho. Duk Kirsimeti Othniel yana cewa ba zai bar ka kai kaɗai da rumfa ba. Ka ga ke nan akwai abin da za a rasa. Gabar ta zama ta manya.

Saura dalili. Kada ka wahalar da kanka, zai zo da ƙafarsa. A namu misalin ya zo da tayoyi huɗu. Madam Funmilayo, mai makarantar ƙananan yara a Sabon Gari, ta kawo bas ɗin da ke kwasar ɗalibanta. Daɓen ya ruɓe. Yara sun gano ramin, sun mai da shi wurin jefa takalman juna a kan titi. Tana son sabon daɓe kafin hutu ya ƙare.

Ka yanka falle na farko. Ka ja layi da alli. Madam tana tsaye da lemarta tana kallo, Othniel yana juyawa, kai kana bi. Jijiyar za ta fito kamar sawun mashayi. Madam za ta tambaya ko haka ake yayi yanzu. Othniel zai yi dariya ya ce:

"Hannunsa ne, Madam. Tun muna makaranta, ko da rula ya ja layi sai ya biya gidan maƙwabta gaisuwa."

Madam za ta yi dariya har ta dafa ƙofar bas. Kai kuma ka ce ai shi ne yake juya hannu kamar mai markaɗen tattasai. Ba wanda zai yi dariya. Ka riƙe wannan da kyau, don shi ne ainihin laifinsa: tasa ta ba da dariya, taka ba ta bayar ba.

Ka ajiye alli. Ka rufe baki. An fara.

Mataki na 2: Kafa doka

Gaba ba fushi ba ce. Fushi na malalata ne, ya tashi da safe ya kwanta da rana. Gaba aiki ce, tana da lokacin shiga, ba ta da lokacin tashi.

Babur ɗaya kuke hawa daga Samaru, nasa ne. Kada ka daina hawa. In ka daina, ka nuna abin ya dame ka. Da safe zai tsaya a ƙofar gidanku, inji yana aiki. Ba zai danna hon ba, don hon kira ne, kira kuwa rabin magana ne. Kai ma kada ka fito da sauri. Ka ɗaure takalminka a natse. In mahaifiyarka ta leƙo ta gaishe shi, zai amsa da fara'a har ya tambayi ciwon gwiwarta. Kai ka kalli kwata.

In ka hau, kada ka dafa kafaɗarsa. Ka riƙe ƙarfen baya, ko da ya faɗa rami a Kwangila da gangan. Zai faɗa da gangan.

Abincin rana kwano ɗaya kuke ci. Ku ci gaba. Matsalar kawai naman ƙarshe ne. A da kuna kokawa a kansa. Yanzu ba mai iya cewa ɗauki, ba kuma mai son a ce shi ya ɗauka. Ku bar shi a kwano. Karen masu faci na gefenku ya yi ƙiba a daminar nan.

Tsaki ba magana ba ne. Gyaran murya ba magana ba ne. Ajiye sufana da ƙarfi ba magana ba ce. In ya yi atishawa, ka bar shi da Ubangijinsa.

Mataki na 3: Yi wa ƙarfe magana

Aiki dai sai an yi. Tunda ba za ka ce masa ya dakata ba, ka gaya wa rola.

Misali, kun doshi kwana, yana ta juyawa. Ka dubi injin ka ce, "Rola, ke ba ki ga kwana a gabanki ba ne, ko sai an yi miki shela?" Shi kuma zai shaida wa guduma cewa akwai wasu mutane, sai sun wuce kwana suke tuna sun gan ta. Wannan halal ne. Ƙarfe aka yi wa magana, ƙarfe kuma ba ya kai ƙara.

Aibin hanyar ɗaya ne. Habaici yana da tsawo, rola kuwa ba ta jira. Kafin ka kai ƙarshen zancenka jijiya ta wuce alli da taƙi guda. Dakata gajeriyar kalma ce, amma kai tsaye take zuwa kunnen mutum, don haka ba ta cikin kayan aikinka.

Fallen da ya lalace ka kai shi bayan rumfa ka jingine. Za su taru. Ka jingine su yadda shi zai riƙa gani in ya je fitsari.

Madam Funmilayo za ta zo a kan acaɓa ta leƙa bayan rumfar, don irin matan nan ne da suke fara duba inda ba a nuna musu ba. Za ta tambaye ka, ka amsa. Ta tambaye shi, ya amsa. Ta dubi wannan ta dubi wancan, ta gane.

"Ina da 'yan nazare masu irin wannan ciwo," za ta ce. "Biskit ɗaya nake ba su su raba, shi ke nan. Ku manyan banza, me zan ba ku?"

Daga nan za ta yi bayani dalla-dalla cewa in aka koma makaranta bas ɗinta tana kan duwatsu, za ta sa a ja ta zuwa wurin wasu masu gyara a Muchia, kuma duk iyayen yara da duk matan cocinsu za su ji sunan rumfarku. Ku ce "To, Madam" a tare. Wannan ba ya shiga lissafi, ita kuka gaya wa.

Mataki na 4: Gano mai laifi

Ka bari ya fita sayen sandunan walda. Ka saka guntun falle a bakin rola, ka matse notin sama, ka tsuguna har idonka ya yi daidai da tayoyin. Ka miƙa hannu ka ɗan motsa ta.

Za ka ga abin da ba ka taɓa gani ba, saboda kullum alli kake kallo. Jikin rolar faranti ɗaya ne, siriri, da dogon tsagi a tsakiya inda falle ke wucewa. Da zarar ka matse, bakin yana buɗewa. Sashen sama na farantin ya kauce gefe, tayar sama ta bar ramin tayar ƙasa ta tafi yawonta. A baya kuma haƙoran giyar injin suna tsallake juna. Duk wanda ya riƙe falle a wannan inji, ko malamin zane ne daga jami'a, layinsa sai ya karkace.

Wato ba hannunka ba ne. Bai taɓa zama hannunka ba.

Wani zai ce ai ke nan ba juyawarsa ba ce ita ma, batun markaɗen tattasai ƙazafi ne. Wannan wani darasi ne daban, ba mu da lokacinsa.

Yanzu kana da hujja a hannu, irin wadda mutum ke samu sau ɗaya a rayuwa, kuma ba ka da bakin faɗa. In ka ce masa zo ka gani, ka faɗi. Zai dawo da sandunan walda a leda ya same ka a tsugune. Ka miƙe kamar wani abu ka yar. Hujjar za ka gina ta da ƙarfe, a gabansa, da ƙara, har sai ya gane da kansa.

Mataki na 5: Sayen ƙarfe

Ka je Muchia wurin Amaechi, mai sayar da tsofaffin ƙarafa. Abin da kake buƙata kaɗan ne: ƙarfen angul, mai kusurwar nan, mai kauri da zai bi gefen sama, wani ya bi gefen ƙasa, guntu ya haɗe su a baya. Sai rim ɗin babbar mota da za ka kafa rolar a kai.

Amaechi a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi taka gudu. Yana jawo ƙarfe daga ƙarƙashin tsibi zai tambaye ka ina rabinka, don bai taɓa ganinka kai kaɗai ba. Ka ce yana rumfa. Zai ce ai ya gan shi jiya.

"Ya zo yana tambaya ko na san mai son babur. Wai Kaduna za shi, da zarar bas ɗin Madam ta fita. Kai ba ka sani ba?"

Ka ce ka sani. Ka ce ai tare kuka tsara.

Sannan ka ce ya ƙara maka angul biyu. Zai ce wanda ka ɗauka ya isa ya riƙe rola uku. Ka ce ya ƙara. Ka ga wani guntun ƙarfen shasi a gefe, ka ce a ɗora shi ma. Amaechi zai tambaya ko gada aka ba ka kwangila. Kada ka yi dariya. Masana sun tabbatar cewa duk abin da ya tsaya wa mutum a maƙogwaro ana iya sayen nauyinsa a ƙarfe.

Ka bi mai baro a ƙafa har Chikaji. Tafiyar za ta ba ka lokacin shirya fuskarka.

Mataki na 6: Walda

Nan ne wurin da gaggawa ke kashe inji. Ka kwance tayoyin, ka zare sandunan da suke juya su, ka ajiye giya a tsumma. Ka goge fenti har ƙarfe ya yi fari. Ka ɗaure angul a jikin farantin tamau.

Kada ka ja walda doguwa daga farko zuwa ƙarshe. Zafi yana jan ƙarfe. Za ka gama ka tarar rolar ta lanƙwashe kamar ayaba, ta yi ƙarfi kuma a lanƙwashen, ba mai sake miƙar da ita. Ɗigo-ɗigo ake yi. Ka ɗiga nan, ka tsallaka can, ka juya ɗaya gefen, ka bari ya huce.

Akwai abu ɗaya da za ka manta. Tsagin tsakiya yana buƙatar a cusa masa guntun ƙarfe daidai faɗinsa kafin a sa wuta, in ba haka ba zai tsuke. Za ka sa tabarau, ka ɗaga hannu, sai ka ji an ajiye wani abu a kan benci. Guntun ƙarfe ne, an yanka shi, an goge, daidai tsagin. Othniel ya riga ya juya baya yana kankare tsatsa a jikin bas.

Kada ka ɗauka nan take. Ka yi kamar kana neman wani abu. Ka ɗaga tsumma, ka buɗe gwangwani, sannan hannunka ya faɗa kansa kamar tsintuwa. Ka duba shi da raini. Ka saka. Zai shiga kamar an haife shi a wurin.

Za a ɗauke wuta kana tsakiyar aiki. Hadari zai haɗu. Za ku zauna, kai a kan rim, shi a kan taya, ruwa yana dukan kwano. A irin wannan zama a da kuke zagin 'yan ƙwallon da ba su san kuna duniya ba. Wannan ne lokaci mafi hatsari a duk darasin, an ga ƙwararru sun faɗi a nan. Ka ƙirga ɗigon da ke zuba a bokiti. In wata magana ta taso maka, ka yi tari.

In wuta ta dawo ka liƙa duk ƙarfen da ka sayo, har wanda ba shi da wurin zama. Ka cika rim da siminti ka dasa ta. Rolar da a da mutum ɗaya ke ɗauka a kafaɗa, yanzu ko ƙarti huɗu sai sun yi shawara.

Ka mayar da tayoyi. Ka saka guntun falle, shi ya juya, kai ka bi. Layin zai fito sak. Ka ɗora guntun a kan sirdin babur ɗinsa ka tafi wanke hannu. Ta gefen ido za ka ga ya ɗauka, ya bi jijiyar da babban yatsa daga farko har ƙarshe, ya gyaɗa kai.

Gyaɗa kai ba ban haƙuri ba ne. Kada ka karɓa.

Mataki na 7: Tsallake Lahadi

Coci ɗaya kuke zuwa, benci ɗaya, na matasa, kusa da taga. Kada ka canza wuri, mutane za su yi magana. Ai sun riga sun fara.

Fasto zai ce kowa ya juya ya gaya wa na kusa da shi cewa Allah yana ƙaunarsa. Ka juya hagu. In bango ne a hagunka, ka sunkuya neman biro. In an zo addu'ar da ake cewa a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, ka faɗe ta da ƙarfi. Kai aka yi wa laifi, sauran ya ji.

Bayan an tashi, Baba Cornelius, dattijon coci wanda ya koyar da ku a makarantar Lahadi tun kuna zubar da majina, zai kira ku gindin mangwaro. Zai ce labari ya iso masa. Zai tambayi abin da ya haɗa ku. Ka ce, "Baba, ni ba ni da matsala da kowa." Othniel zai ce shi ma haka. Baba zai ce to ku gaisa. Ku miƙa masa hannu, shi Baban, ku biyun.

Zai sallami Othniel ya riƙe ka. Zai cire tabarau ya goge da bakin riga. Zai ce yaron nan ya je gidansa, ya zauna har aka ci tuwo aka kwashe kwanuka. Kaduna ba ta ransa. Ya ce in an ce masa kada ya tafi, ba zai tafi ba.

"Ba ni yake so in faɗa ba, ɗana. Ni na faɗa, uwarsa ta faɗa. Ka gane?"

Ka ce ka gane. Ka yi godiya, ka rusuna. Ka ce za ka sa abin a addu'a. Dattawa ba su da amsar wannan.

A hanyar gida ka auna maganar da kyau. Tarko ne. In da gaske yake, ya zo ya ce hannunka ba ya rawa. Shi ya fara a gaban Madam, shi zai rufe.

Mataki na 8: Cire mutum daga cikin aikin

Rola ta daina lanƙwasa, amma har yanzu tana neman mai juyawa. Wannan rauni ne. A gyara.

Ka cire hannun juyawa ka liƙa sitiyarin tsohuwar tirela a wurinsa. Yana da faɗi, in ka miƙe sosai za ka kama gefensa da hagu kana riƙe falle da dama. Kafaɗarka za ta yi ciwo. Ka ci gaba zuwa gyara na biyu.

Ka samo injin waifa, mai share gilashin babbar mota, da sarƙar babur da haƙoranta, da batir. Ka haɗa. Ka ɗauko maɓallin hon ka kafe shi a kan katako a ƙasa. Ka taka, ta juya. Ka ɗaga ƙafa, ta tsaya cak. Ba musu, ba tsaki, ba labarin abin da ya faru a makaranta.

Ga shawara ta gaskiya, kyauta. Kada ka matse noti gaba ɗaya a zagaye na farko. Ka bi layin sama-sama, ka ƙara matsi, ka sake bi. Ka fara da jijiyoyin tsakiya kafin na gefe. Ka naɗe hannun riga, don injin waifa bai san riga daga falle ba.

Ranar da ka fara gwadawa, Othniel zai taso ya nufi bayan rola kamar kullum, yana goge hannu a wando. Zai tarar da sarƙa a inda yake tsayawa. Ka taka maɓallin. Zai tsaya yana kallon sitiyari yana juya kansa. Zai daɗe a wurin. Daga nan zai koma cikin bas ya ci gaba da kankare tsatsar da ya riga ya kankare.

Ka ji daɗin wannan. An ce da daɗi.

Mataki na 9: Dogon falle

Falle na ƙarshe shi ne na tsakiya, wanda ya taso daga bayan direba har ƙofar baya. Ya fi ka tsawo nesa. Ka saka bakinsa, ka taka. Da ya ɗan shiga, jelar za ta fara rinjaya ƙasa, tana jan layi daga kan alli. Hannu biyu gare ka, duk suna gaba. Ba wani falle a rumfar da za ka sake yankawa, komawa makaranta kuma saura ƙiris.

Sai ka ji nauyin ya tafi. Kada ka waiga. Ka san wane ne.

Zai riƙe jelar daidai tsayin bakin rola, yana takowa a hankali yadda kake takawa. In ka ɗaga ƙafa ya tsaya. In ka karkata ya karkata tun kafin ka gama. Haka za ku yi jijiya bayan jijiya har fallen ya cika, ba wanda ya yi wa ko guduma magana. A duk Chikaji ba a fitar da layi irin wannan ba.

Ku ɗora, ku liƙe, ku shafa fenti. Madam Funmilayo za ta zo ta hau da takalminta mai tsini, ta taka daga gaba zuwa baya, ta yi tsalle a tsakiya da duk nauyin da Allah ya ba ta. Daɓen ba zai ce uffan ba. Za ta ce ashe kun shirya. Kowannenku ya kalli wani gefe. Direbanta zai ja bas ɗin ya fita, rumfar ta yi faɗi.

Mataki na 10: Karɓi nasararka

Washegari ba za ka ji ƙarar babur a ƙofar gida ba, an sayar. Ka hau bas ta haya.

Da hantsi zai iso rumfa a bayan ɗan acaɓa, da babbar jaka a kan tanki. Zai ce wa ɗan acaɓan ya jira. Zai shigo ya ɗauki gudumarsa da tabaraunsa na walda. Sauran kayan da kuka tara tare ba zai taɓa ba. Zai tsaya a gefen rola ya ɗora hannu a kan angul. Kai ka nemi abin gogewa ka yi ta gogewa.

Sai ya ce:

"Ka riƙa sa wa giyar nan giris, tana kuka." Zai shafa angul ɗin. "Mama ta ce ka riƙa zuwa cin abinci ran Lahadi, ko ba na nan."

Shi ke nan. Ya yi magana. Da bakinsa, kai tsaye, ba ta hannun guduma ba. Ka ci.

Kada ka amsa da wuri, mai nasara ba ya rawar jiki. Ka nemi amsar da ta dace. Ba wadda za ta yi kama da roƙo ba, ba wadda za ta yi kama da kora ba, wadda kuma za ta taɓo batun hannu ko da a kaikaice. Irin wannan amsa tana da wuyar samu. Zai jira. A gaskiya zai jira fiye da yadda ake tsammani. Ɗan acaɓa zai danna hon, ya sake dannawa.

Zai sa gudumar a jaka ya fita.

Ka ce, "To." Lokacin sun riga sun sha kwana.

Cire hannu

Abu biyu na yi maka alkawari, duka ka samu. Abin da ya biyo baya ba da ni ba.

In mai rumfa ya zo ya ce nauyin injinka ya tsaga masa siminti, ku ƙarata. In masu motoci suka ji labarin daɓen Madam suka fara layi, kai kuma ka koma tsayawa bakin titi kana roƙon masu wucewa su riƙe maka jelar falle, suna riƙewa kamar an ba su jaririn wani, ban san da wannan ba. In ka je gidansu ran Lahadi, Mama ta zuba maka a kwanon da ya fi ƙarfin mutum ɗaya ta zauna tana kallonka, ni ban aike ka ba.

Lambarsa tana cikin wayarka, na sani. Wasu sun tambaye ni ko filashin magana ne. Na bincika, malamai sun rabu biyu. Masu sassauci sun ce in bai wuce ƙara ɗaya ba, kuma ka kashe kafin ya ɗauka, gabarka tana nan daram. Ni dai ban ce ka yi ba. In kuma ka yi ya kira, duk abin da ya fito daga bakinka ba a wurina ka koya ba.